Zan kai yarona kallon bal a ƙaramin fili ranar Asabar, me ya kamata in sani?

Baban Walid:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka saba zuwa filayen bal na cikin garin nan na Kano, ba babban filin wasa na Sani Abacha nake nufi ba, ƙananan filaye irin na kulob ɗin unguwa. Ni a Gwammaja na tashi, amma gaskiya kallon bal ɗina duk a gidan kallo yake, Firimiyar Ingila da La Liga da sauransu, sau ɗaya tak na taɓa shiga fili, shi ma ina ƙarami wani yayana ya ɗauke ni, ban riƙe komai ba sai hayaniya da ƙura.

To yanzu ƙanin matata yana buga wa wani ƙaramin kulob, lamba bakwai yake bugawa, shekararsa 19, da safe yana koyon gyaran waya a kasuwa da yamma kuma ya tafi tirenin. Ranar Asabar suna da wasa a filinsu kuma ya ce wasa ne mai zafi, wanda aka ci an cire shi daga gasar kenan. Yarona ɗan shekara 9 tun da ya ji kawunsa ya faɗa ya hana ni sakat, kullum da safe sai ya ce Abba saura kwana nawa Asabar. Ita kuma mamansa hankalinta bai kwanta ba sam, ta ce ana faɗa a irin wuraren nan, ana jifa, ga masu ƙwacen waya, ta ce in dai sai na je to in je ni kaɗai. Ni kuma ina son zuwa da shi, kuma yaron nan kawun nasa tun da na auri yayarsa bai taɓa roƙona komai ba sai wannan, ya ce Yaya ko sau ɗaya ne ka zo ka ga ina bugawa.

Ƙarfe nawa ya kamata mu isa? Ana biyan kuɗin shiga ne? A ina mai yaro ya kamata ya zauna? Kuma tsakani da Allah maganar faɗan nan gaskiya ce ko ana ƙara mata gishiri? Na gode.

Ɗan Ƙofar Mata:

Wa alaikumus salam Baban Walid. Ka je, kuma ka tafi da yaron. Ni na kusa shekara 60 kuma tun ina ɗan firamare nake bin filaye, lokacin ma ba a san wata Pillars ba, Raccah Rovers ce ke tashe, ita ta ɗauko wa Kano kofin lig a 1978. Ita kanta Pillars ɗin da muke cewa Sai Masu Gida a 1990 aka haɗa ta daga kulob uku, WRECA da Golden Stars da Bank of the North, kuma yaran da suka riƙa cika ta ai ba daga sama suka faɗo ba, daga irin waɗannan filayen ƙasar da kake tambaya aka riƙa tsinto su.

Maganar lokaci, a Kano wasan yamma ƙarfe 4 ne bayan la'asar, ko an ɗan makara ba ya wuce 4 da rabi saboda babu fitila, dole a tashi kafin magariba. Amma kai kar ka jira 4, ka isa tun wajen 3 da kwata ku yi la'asar a masallacin da ke kusa da filin, za ka tarar da 'yan wasan duka ɓangarorin biyu a sahu ɗaya, wasu ma da gajeren wando a ƙarƙashin jallabiya, wannan kaɗai ya isa yaronka ya gani. In aka idar sai ku shiga da wuri ku kama wuri kafin matasa su cika.

Wurin zama shi ne babbar magana. Ka nemi ɓangaren yamma, wato ka ba rana baya kana fuskantar gabas, in ba haka ba rabin farko gaba ɗaya da hannu a goshi za ku kalla. Kuma ka nemi inda dattawa suke, kowane fili akwai su, yawanci daidai tsakiya kusa da teburin masu gasa, wasu da kujerar roba wasu da tabarma wasu a kan bencin da aka aro daga makaranta. Ka yi musu sallama ka ce ga shi ka zo da yaro, wallahi da kansu za su matsa masa ya shiga gaba. Inda ba za ka kai shi ba shi ne bayan raga. Na farko bal mai ƙarfi tana iya samun sa a fuska don ragar ba lallai ta zama lafiyayya ba, na biyu nan ne matattarar masu tsokanar gola, bakinsu ba shi da linzami, ba maganganun da ɗan shekara 9 zai ji ba ne.

Kuɗin shiga kuwa ya danganta, filin da aka kewaye da katanga za ka ga an tsaya a ƙofa ana karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wanda kuma babu katanga igiya kawai ake ja sai a zagayo da kwali ko hula a hutun rabin lokaci. Ka riƙe canji.

Sai abu ɗaya da zan ja kunnenka tunda ɗan gidan kallo ne kai. A fili ba a maimaitawa. In ka sunkuya duba waya aka ci, shikenan ya wuce, sai dai na kusa da kai ya ba ka labari, kuma kowa da yadda zai faɗa. Amma abin da za ka samu a madadinsa allo ba ya bayarwa, za ka ji ƙarar takalmi a jikin bal, ka ji gola yana yi wa 'yan bayansa tsawa da sunansu, ka ji numfashin lamba bakwai in ya zo wucewa ta gabanka, ka ga gumi da ƙura sun haɗu a wuyansa. Na kalli manyan wasanni a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ina nan a 1999 da aka kawo gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, ina nan a 2009 da 'yan Sifen su Isco da Morata suka buga a filin suna yara 'yan ƙasa da 17, a shekarar ce kuma Pillars ta cire Al Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin zakarun Afirka, na ga shekara 12 da aka yi ba a ci mu a gida ba a lig har Nasarawa United ta zo a 2015. Duk da haka in ka ce in zaɓa, ƙaramin fili nake zaɓa, don a babban fili kana can sama ɗan wasa kamar tururuwa, a ƙarami kuwa in bal ta fita kai za ka tare ta da ƙafarka ka miƙa.

Abba Kurna:

Baba Ɗan Ƙofar Mata ka yi haƙuri, ba raini ba ne, amma ni shawarata daban. Baban Walid ka je kai kaɗai tukuna ka ga yadda filin yake, in ka gamsu wani satin ka kai yaro. Maman Walid ba ta yi ƙarya ba. Ni da idona bara a wani fili ana saura kamar minti biyar a tashi alƙali ya ba da fenariti, kafin ka ce kwabo an tsinke igiya an cika filin, duwatsu ta ko'ina, alƙalin nan da ƙyar aka shigar da shi wani gida aka rufe ƙofa, ni kuma a wajen gudu aka zare min waya daga aljihun gaba ban ma ji ba sai da na zo hawa adaidaita. Ni babba ne na gudu, to ka yi tunanin kana riƙe da hannun yaro a wannan turmutsutsun. Kuma kai da bakinka ka ce wasan cirewa ne, ai irin sa ne ya fi haɗari, na lig in an ci ka akwai gobe, wannan kuwa babu. Yaran yanzu ba irin na zamaninku ba ne Baba, wasu ba bal ce ta kawo su ba, da abinsu a ƙugu suke zuwa.

Tsohon Lamba Biyar:

Abba abin da ka faɗa yana faruwa, ba wanda zai ƙaryata ka, Allah ya mayar maka da alheri. Amma bari in yi magana a matsayin wanda ya yi shekara takwas yana buga wa irin wannan kulob ɗin kafin gwiwa ta zaunar da ni.

Baban Walid, wasan da za ka kalla ƙarfe 4 su yaran tun bayan asuba suka fara shi. Su za su zo su share filin, su tsince duwatsu da fasassun kwalabe da ledoji, wani lokacin har kashin dabbobi don filin da rana hanyar kowa ce, su ja layi da toka ko farar ƙasa a cikin gwangwanin da aka huda, su je gidan koci su ɗauko raga su ɗaura don in aka bar ta a jikin turke kwana ɗaya ba za a wayi gari da ita ba. Daga nan kowa ya tafi neman abincinsa, wannan kasuwa wannan gareji wannan wurin ɗinki, sai azahar a dawo. Rigunan ma ba nasu ba ne, ƙirga su ake yi a raba, a tashi a ƙirga a mayar cikin buhu. Albashi babu. Mai kulob ɗin sau da yawa wani ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci da Allah ya jarabce shi da son bal, daga aljihunsa yake biyan rajista a hukumar ƙwallo ta jiha, ya biya kuɗin alƙalai, ya ɗauki hayar bas in wasan waje ne, in abin ya fi ƙarfinsa mu 'yan wasa mu yi karo-karo. To ɗan canjin nan da za ka jefa a kwali shi ne fiya wata da gulukos na hutun rabin lokaci, kar ka raina shi, kuma in kana da hali ka ƙara.

Ranar da na ji ciwo babu motar asibiti babu likita, ruwan sanyi aka zuba min aka ɗaure da bandeji, abokan wasana suka cicciɓe ni zuwa adaidaita sahu aka wuce da ni wurin mai ɗori, kuma a kuɗin da 'yan kallo suka tara a wurin nan take aka biya. Mutanen da ban san sunansu ba. Shi ya sa ba na son a riƙa yi wa 'yan kallon ƙananan filaye kuɗin goro.

Kuma yaran nan ba wasan banza suke ba, akwai tsani. Daga gasar jiha kulob yana iya hawa NLO, wato lig mataki na uku a ƙasa, daga nan NNL mataki na biyu, daga nan NPFL babban lig na Najeriya inda ƙungiyoyi 20 suke, ga Barau FC nan ta hau a 2025 kowa ya gani, a lokacin Kano ta samu biyu a sama, ita da Pillars. Shi ɗan wasa kuma ba sai kulob ɗinsa ya hau ba, ido ɗaya ya isa, shi ya sa in ana Ramat Cup, gasar matasa, ko irin waɗannan wasannin cirewar za ka ga wasu mutane a gefe ba sa ihu ba sa tafi suna ta kallo kawai, su ne masu neman yara. Ahmed Musa kafin duniya ta san shi a Jos yake bugawa, ya zo Pillars ya ci 18 a kakar 2009/2010, daga nan sai Holan, sai CSKA Moscow, sai Leicester. Kowane lamba bakwai a garin nan ya haddace wannan labarin, har da ƙanin matarka, ka tambaye shi ka ji. Dubu za su gwada ɗaya ya fita, su ma sun sani, amma dai suna zuwa.

Yanzu maganar faɗa. A abin da na gani abu biyu ke kawo shi, caca da tsohuwar gaba tsakanin unguwa da unguwa wadda ba ta da alaƙa da bal, filin kawai suka samu. Wanda ya sa kuɗinsa a kan wasa shi ne farkon tsallake igiya. Don haka tambayar da za ka yi wa kawun Walid ita ce, da wa za ku buga, akwai wani abu a tsakaninku a baya? In ya ce akwai, to bi shawarar Abba. In ya ce babu, kuma masu gasar sun saba kawo 'yan sanda ko 'yan sintiri, ka tafi da yaronka.

Amma ga abin da ya fi damuna, kuma shi ya sa na yi dogon rubutu. Filayen nan sun lalace ne daidai lokacin da iyaye suka daina zuwa. Da can in kana wasa ka waiwaya za ka ga babanka ko baffanka ko limamin layinku a zaune, ɗan kallo ma haka, matashi in ya sunkuya zai ɗauki dutse ya haɗa ido da baban abokinsa sai ya yar ya yi kamar takalmi yake gyarawa. Yanzu manya duk sun koma gidan kallo suna musu a kan Madrid da Barcelona, an bar fili da yara zalla, sannan a ce fili ya ɓaci. In kowane mai hankali ya ce ba zai je ba sai an gyaru, wa zai gyara? Ni a shekara takwas ɗin nan mahaifina bai taɓa zuwa ba, Allah ya jiƙansa, ba ƙi ya yi ba, an gaya masa wurin 'yan iska ne ya yarda. Har yau abin yana raina. Yaron nan da ya ce maka Yaya ka zo, ba ƙaramin abu ya roƙa ba.

Maman Ilham:

Sannunku da hira. Ni mace ce amma ina da ta cewa a nan don zoɓo da kunun aya nake kaiwa bakin fili ranar wasa, da kulata da 'yata, mun daɗe muna yi. Baban Walid ka gaya wa Maman Walid in ji ni ta kwantar da hankalinta, yara ƙanana da ba su kai nata ba suna zuwa, wasu ma su ke tsince bal in ta fita.

Abin da maza ba za su tuna su gaya maka ba, ka sa ya yi fitsari kafin ku shiga don yawancin filayen babu banɗaki, in ya matsu ana tsakiyar wasa za ka rasa yadda za ka yi. Ka sa masa hula da takalmi rufaffe ba silifas ba, in da iska ko hazo ka riƙe masa takunkumi saboda ƙurar filin ƙasa in an fara gudu ba wasa ba ce, mai asma kam kar ma a kawo shi gaba. Ka rubuta lambarka a takarda ka sa masa a aljihu, ka nuna masa wuri ɗaya ka ce in mun rabu nan za ka tsaya, ko wurinmu masu kular zoɓo ma ya yi, mu ba ma barin yaro ya wuce mu yana kuka. Ka ci da shi a gida, a fili sai dai abin taɓawa, rake da gyaɗa da awara da gurasa.

Sai sirrinmu na masu talla, in kana son sanin ko fili zai rikice kar ka kalli 'yan wasa, mu za ka kalla. Mu muke jin maganganun da ake yi a baya tun kafin su iso gaba, mun san fuskokin da in sun shigo ba alheri. In ka ga mun fara rufe kula muna naɗe tabarma alhali wasa bai ƙare ba, ka kama hannun ɗanka ku bi bayanmu, kar ka tsaya tambaya. In ka ga muna zaune muna ba da canji to ihu ne kawai, zai wuce.

Abba Kurna:

Anti wannan gaskiya ne wallahi, ranar da na ba da labari sai daga baya na tuna masu rake sun riga kowa fita. Toh Baban Walid in ka yanke zuwa, waya a aljihun wando na ciki, kar ka yi ta ɗaga ta kana bidiyo, kuma kar ku sa rigar da ta yi kala da ta baƙin. In da mashin ko mota ka ajiye nesa kaɗan inda za ka iya fita ba sai ka ratsa taro ba.

Baban Walid:

Jama'a mun je mun dawo lafiya, Alhamdulillah, na ce dole in zo in ba ku labari tunda da shawararku na tafi. Na tambayi kawun nasa kamar yadda Tsohon Lamba Biyar ya ce, ya ce babu komai tsakaninsu da yaran, kocinsu ma abokin nasu kocin ne, da wannan na shawo kan mamansa, da kuma saƙon Maman Ilham da na karanta mata.

Mun isa 3 da 'yan mintuna, filin makaranta ne da katanga ta gefe uku, ƙasa ce ja babu ciyawa sai ɗan tsilli-tsilli ta wajen kwana, layin tokar ma iska ta fara cinye shi. A masallaci Walid ya hango kawunsa a sahun gaba, da aka sallame ya ruga, shi kuma da ya ɗago ya gan ni sai ya kasa magana, hannuna kawai ya riƙe da hannu biyu yana cewa Yaya ka zo, Yaya ka zo. Ban san abin ya kai haka a ransa ba sai a lokacin.

Baba Ɗan Ƙofar Mata, dattawan nan na same su daidai inda ka ce, ƙarƙashin wata darbejiya ta yamma, ina yin sallama wani tsoho mai sanda ya ɗaga Walid ya ɗora a kan benci kusa da shi, kafin a fara wasa ya gaya masa sunan kowane ɗan wasa da sunan babansa da sana'ar da yake yi, wancan gola ɗan mai shayi ne, wancan lamba huɗu tela ne, wancan dogon almajiri ne ya sauke bara. Akwai masu ganga guda biyu da wasu yara da jarka suna bugawa, ba su yi shiru ba har aka tashi.

Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne gudu. A allo sai ka ga kamar kowa zai iya, amma da yaron nan ya karɓi bal ta gefenmu ya yanke na farko ya ja da gudu, ƙasa tana tashi a bayansa, tsakuwa har ƙafafunmu, na ji ƙarar haɗuwar ƙwaurinsa da na ɗan bayansu, sai da na runtse ido, shi kuwa ya tashi ya karkaɗe ya ci gaba. Baƙin suka fara ci kafin hutu, da ka, daga bugun kwana. Bayan an dawo kamar da minti 20 kawun Walid ya tsere ta dama ya bugo ta ƙasa-ƙasa lamba tara ya sa ƙafa, sai raga. Wallahi ban san lokacin da na tsinci kaina a tsaye ina rungume da wani mutum da ban taɓa gani ba, Walid kuwa yana kan benci yana ihu kawuna ne, kawuna ne ya ba shi, dattawan suna ta shafa kansa.

An ɗan samu hayaniya kusa da tashi, namu suka ci alƙali ya ce satar gida ce, matasan bayan raga suka taso suna danna igiya, gabana ya faɗi na riƙe hannun yaro. Sai na tuna na waiwaya wajen masu kula, na ga suna zaune wata ma tana ƙulla zoɓo a leda, sai na tsaya. Tsohon nan mai sanda da wasu mutum uku suka miƙe suka taka har wurin, ban ji me suka ce ba, na dai ga yana nuna wani yaro da sanda yana kiran sunansa, yaron ya sunkuyar da kai ya koma baya, sauran suka bi shi. Ko minti uku ba a yi ba aka ci gaba.

An tashi 1 da 1 aka tafi fenariti, aka cire namu. Kawun ya ci tasa amma biyu daga cikinsu suka zubar. Yaran suka zube a ƙasa wasu suna kuka, Walid ma ya fashe da kuka, sai ga kawun ya taso da jan ido ya ɗauke shi ya shiga da shi cikin fili ya ba shi bal ya ce buga wa gola, golan da aka gama ci yanzun nan ya tashi ya tsaya masa. Muna nan har suka kwance raga, Walid ya riƙe gefe ɗaya ana naɗewa, aka kira magariba muka yi a masallacin muka hau adaidaita. A hanya bai yi maganar Ronaldo ko sau ɗaya ba, tambayata yake yaushe za su sake bugawa.

Sai dai wani abu da na gani ya tsaya min, da kawun ya cire takalminsa na dama ashe gaban ya buɗe, da salatif ya naɗe shi ya buga minti 90 a haka, babban yatsansa duk jini. Ina so in saya masa wani kafin su koma tirenin ba tare da ya sani ba, lamba 42 yake sawa. A ina ake samun mai ƙwari a garin nan wanda kuɗinsa bai yi yawa ba?

Tsohon Lamba Biyar:

Allah ya saka da alheri Baban Walid, ka faranta min rai. Ka shiga Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo da safe, ko Sabon Gari wajen masu kayan wasanni, amma gwanjo mai kyau ya fi sabo mai araha daɗewa. Kar ka sayi mai dogayen haƙora ko na ƙarfe, na ciyawa ne, a ƙasarmu mai tauri gwiwa yake kashewa, irin sa na sa ranar da na ji ciwo. Ka nemi mai gajerun haƙoran roba masu yawa, ka lanƙwasa shi ka duba ƙasan bai tsage ba, in ka saya ka biya wurin mai gyaran takalmi ya zagaye shi da ɗinki tun kafin a fara sawa. Ka ɗauki 43 saboda safa mai kauri, kuma in canji ya ragu ka haɗa masa da abin kare ƙwauri.